Tambayar da Na Ƙara a Ranar Riga-kafi

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin unguwa a Kaduna, irin unguwar da ranar awo za ka ji Hausa da Gbagyi da Yarbanci da Ibo a kan benci ɗaya. Aikinmu da masu jego sananne ne: a auna jariri, a duba cibiya, a yi masa allura, a tambayi uwa ko jini ya ɗauke, ko nono yana zuwa. Shekarun baya sai na ƙara tambaya guda: “Ke fa, idan yaron ya yi barci, kina samun naki barcin?”

Abin da ya sa na fara shi ne ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa wajen kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, akasari ciwon damuwa mai tsanani, a ƙasashe irin namu kuwa abin ya kusa kashi 20. Ke nan a cikin mata ashirin da ke layi a gabana, uku ko huɗu suna ɗauke da ciwon da babu mai tambayar su a kansa. Da barci nake farawa domin ba mai jin kunyar rashin barci. In na ce “kina da damuwa?” Bahaushiya za ta ce alhamdu lillahi, 'yar coci ta ce mun gode Allah, magana ta ƙare. Amma daga barci sai mu gangaro kan cin abinci, kan kukan da ba dalili, har wata ta sunkuyar da kai ta ce, “Sista, wallahi ko ganin yaron nan ba na son yi, kuma ban san me ya sa ba.”

Akwai wata 'yar haihuwar fari da ta zo wankan gida, mahaifiyarta ta kawo ta. Tsohuwar ce ke riƙe da jaririn. Ita kuwa mai jegon nono ya jiƙe mata gaban riga har ya bushe ya yi shaci, idonta na kan bango, bakinta na motsi. Uwar ta ce tun bayan suna ba ta runtsa ba, cikin dare take tashi ta ce ana kiran ta, ta ce an canja mata ɗa. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi ruƙiyya. Wannan ya wuce damuwa, ruɗewar hankali ce ta bayan haihuwa, wadda ke samun mace ɗaya ko biyu a cikin dubu, kuma ba a kwana da ita. Na ce, “Inna, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kuma yau ɗin nan za a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.” Tsohuwar ta kama hannuna ta rage murya: “'Yar nan, tana da ƙanne mata a gida. In aka ji an kai ta can, wa zai aure su?”

A nan ƙullin yake. Yawancin iyalan da na gani ba su ƙi asibiti don sun raina magani ba. Binciken asali suke tsoro, ranar da dangin manemi za su zagayo unguwa a raɗa musu cewa gidan nan akwai taɓin hankali. Kano a ce Dawanau, Sakkwato a ce Kware, mu nan a ce Barnawa, sunan asibiti ya zama abin gori. Kuma wannan tsoro bai san ƙabila ba; na ji shi a bakin Bayarabiya kamar yadda na ji shi a bakin Bafulatana. Saboda haka na koma ina zama da kakanni da surukai, tunda su ke yanke hukunci a ɗakin mai jego, su kuma ake tambaya in an zo neman aure. Ina gaya musu gaskiya: ciwo ne mai magani, kuma ɓoye shi ne ke sa ya yi tsananin da duk unguwa za ta sani. Yarinyar nan dai an kai ta, ta warware, na ga ranar da ta goyo ɗanta da kanta ta kawo shi allurar ƙyanda.

Ban taɓa cewa kowa ya bar malaminsa ko fastonsa ba, kuma ba zan ce ba. Wanda ka ƙaryata imaninsa ba zai dawo wajenka ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro, Abeokuta, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauye, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya. Na je na gaida limamin unguwa, na roƙe shi alfarma. Shi da kansa ya kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ya kuma faɗe shi a wa'azi. Shugabar zumuntar mata ta wani coci ita ma ta ba ni wuri a taronsu. Yanzu akwai matan da ke zuwa su ce malam ne ya ce su biyo ta wajena.

Inda ba na sassautawa shi ne ɗauri da mari da duka da horon yunwa. Mu mutanen Kaduna ba mu manta watan Satumba na 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai mafi yawansu da niyyar gyara. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa masu wannan larura wariya. Dokar na nan a takarda, amma mutumin da aka kulle a ɗakin bayan gida sai maƙwabci ya yi magana kafin ta kai gare shi.

Wani abin da ke kayar da mu shi ne gajen haƙuri da magani. Na ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, sai a kwana biyar a ce bai karɓe ta ba. Wata kuma da ta ji sauƙi sai ta ajiye, ciwo ya dawo, dangi su ce ai mun faɗa ba na asibiti ba ne. Don haka tun ranar farko nake bayyana wa miji wannan a gabanta, in kuma gaya musu akwai magungunan da likita ke bayarwa ba tare da an yaye jariri ba. Ba na ware wa waɗannan mata layi, ba na yi wa katinsu wata alama. Labule nake ja, mu yi magana ƙasa-ƙasa. Wadda ranar komawarta wajen likita ta wuce ba ta je ba, nakan kira ta in ce allurar yaro nake tunasar da ita, domin sau da yawa wayar a hannun wani take.