Asabar: lamunin Kawu da lamunin Zango

Ƙarfe ɗaya saura na dare. Janareton maƙwabta ne kaɗai ke ƙara a layinmu, ƙanina ya yi barci a kan tabarma da waya a ƙirji. Ni kuwa idona biyu, bari in rubuta abin da ya faru yau tun bai gushe mini ba.

Na bar Agege bayan asuba kamar kullum. Shayi da burodi a tsaye a bakin masallaci, sai danfo zuwa Ogba, daga nan Ojota, Ketu, har kasuwar Mile 12. Motocin albasa biyu daga Aliero sun riga ni isowa, 'yan dako har sun yi nisa da saukewa. Aikina a rumfar Kawu littafi ne: buhu nawa ya sauka, na wane ne, wa ya ɗauka, wa ya biya, wa ya ce sai jibi.

Da hantsi hayaniya ta tashi. Akwai wata Bayarabiya da muke kira Iya, tana sarar albasa a hannun Kawu tun kafin a kawo ni Legas. Makon jiya ta ɗauki kayan wani Alhaji bashi, Kawu ne ya tsaya mata. Ruwan daren Laraba ya shiga rumfarta, fiye da rabin kayan ya ruɓe. Yau ta zo da abin da ta iya haɗawa, bai kai ba. Alhajin ya miƙe yana cewa zai tura yaransa su kwashe abin da ya rage a rumfar, wasu samari har sun fara taruwa. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, ni na ce ka ba ta. Bakina ka bi, ba nata ba." Sai ya juyo gare ni ya ce, "Kai ɗan nan, buɗe littafin, rubuta ragowar a kaina." Na rubuta, hannuna yana nauyi, don na san abin da ke cikin akwatin kuɗin, na kuma san mota ta uku tana hanya.

Bayan azahar da muka kaɗaita na ce, "Kawu, in ba ta biya ba fa?" Ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa. Ya ce a rikicin Hausawa da Yarabawa na watan Maris na 2016, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwar, a gidan Iya yaransa biyu suka ɓuya har ƙura ta lafa. Bai ƙara komai a kai ba, ya ce in je in ƙirga buhunan da suka rage.

Na dawo gida bayan isha'i da wannan maganar a raina, na tarar an kawo wuta. Na kunna kwamfutar tokumbo da na saya a Ikeja, na koma wasan Stellaris da na bari tun Alhamis.

Wasan na kamfanin Paradox ne na ƙasar Suwidin, ya fito a 2016. Ana ba ka duniya guda a shekarar 2200, daidai lokacin da mutanenka suka gano yadda za su bi hanyoyin da ke haɗa taurari, sai a sake ka cikin ɗaruruwan taurari tare da wasu halittu da ba ka sani ba. Yawancin waɗanda na sani suna buga shi ne don mamaya. Ƙanina ma haka. Nasa wasan, ya zaɓi al'ummar da ba ta magana da kowa, ba jakada, ba ciniki, sai kisa. Ya share rabin taswira, kuma tun makon jiya bai sake buɗe shi ba, don babu wanda ya rage da zai ba shi mamaki.

Tawa daular kamfanin fatauci ce, irin wadda aka ƙara wa wasan a 2018. Sunanta Zango. Na sa mata wannan suna ne saboda kakanmu, wanda fataucin goro ya kawo shi Agege. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano Hausawa suka yi ta sauka a nan suna sayen goro a hannun manoman Yarabawa, suna ɗaure shi a huhu a tura Arewa. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne maigida: ya saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni. Ba shi da soja ko ɗaya. Abin da yake da shi suna ne, kuma ranar da sunan ya ɓaci ciniki ya ƙare. Da irin wannan nake so in ga ko za a iya rayuwa a cikin taurari.

Ba abu ne mai sauƙi ba, kuma wannan ne mutane ba sa ganewa. Ƙanina yana cewa wasan matsorata nake yi. Amma mai yaƙi abu ɗaya yake lissafawa, wato ƙarfen ƙera jirage nawa ke shigo masa a wata. Ni kuwa dole in san halin kowane maƙwabci. Jakaduna 'yan kaɗan ne, in na tura ɗaya wajen wannan na hana wancan. Yarda a wasan taruwa take yi kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, muddin akwai yarjejeniya tsakaninku: da fari ta rashin kai wa juna hari, sai ta ciniki, sai ta musayar ilimi, can daga baya ta kare juna. Ba ka iya buɗe reshen kamfaninka a duniyar wani sai ya amince da yarjejeniyar ciniki. Akwai wata daula ta masu tsananin addini a kudu da ni da na shekara talatin na wasa ina aika wa kyautar ma'adinai kafin su daina kirana abin ƙyama. Yau suna cikin manyan abokan cinikina. Da na mamaye su, da na gama a shekara biyar, in kuma gaji talakawan da ke jin haushina da duniyoyin da bama-bamai suka lalata.

Ba wai ba ni da makami sam ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hanyoyin taurari suna da mashiga, kuma ƙasata mashiga uku gare ta, kowacce na kafa mata tasha mai kauri. Maƙwabcin da ya ga ba ka da komai, ko yana son ka, wata rana zai gwada ka. Amma rundunata ta tsaron ƙofa ce kawai, ragowar dukiyar tana zuwa ga masana'antu da bincike.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne majalisar taurari, wadda aka kawo a 2020. Kowace daula tana da nauyin magana gwargwadon jama'arta, arzikinta, iliminta da rundunarta, ana kawo ƙuduri a kaɗa ƙuri'a. Zango ba ta cikin manya biyar a ƙarfin soja, amma a majalisa ita ce ta biyu. Wannan tunani ba sabo ba ne a irin waɗannan wasanni. Tun a Master of Orion na 1993 ana iya cin wasa ba tare da share kowa ba, in ka sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'un majalisa suka zaɓe ka shugaba. Shekara talatin da wani abu ke nan ƙofar tana buɗe, amma hirar 'yan wasa kullum a kan girman jirgin yaƙi take ƙarewa.

To, a daren nan, a shekarar 2338 ta wasan, abin da nake tsoro ya faru. Akwai wasu ƙabilun 'yan fashi a gefen taswira da na saba biyansu don su bar ayarina. Sai wani shugaba ya taso a cikinsu, Babban Khan, ya haɗa kansu, ya fito da rundunar da ta ninka tawa sau da yawa. Bai fara da ni ba. Ya fara da wata ƙaramar daula ta halittu masu kama da naman kaza, abokan cinikina na farko, waɗanda a duniyarsu na buɗe reshena na fari tun ba ni da komai.

Wasan yana ba ka mafita: ka miƙa wuya ga Khan, ka riƙa biyan haraji, ya ƙyale ka. Ƙanina ya taso ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Yaya, ka bari ya cinye su mana. In ya mutu daularsa tarwatsewa take yi, sai ka kwashe taurarin a banza." Gaskiya ya faɗa ta fuskar lissafi. Khan ba ya dawwama, ko a kashe shi ko ya mutu, kuma abin da ya tara wargajewa yake yi. Na dakatar da wasan, na tashi na sha ruwa, na tsaya a bakin taga. Fuskar Kawu ce kawai ke zuwa mini, lokacin da ya ce a rubuta a kansa.

Na dawo na buɗe kasuwa. Kasuwar wasan tana da la'ada mai zafi, tushenta kashi 30 cikin 100, kuma duk abin da ka saya da yawa farashinsa hawa yake yi a gabanka, abin da ka zubar kuma ya faɗi, kamar dai albasa ranar da mota goma suka shigo lokaci guda. Na sayar da abincin da na tara, na sayar da kayan masarufin da jama'ata ke amfani da su, na sayi ƙarfe a farashin da ban taɓa saya ba. Rabi na aika wa abokan nawa kyauta, ba tare da neman komai ba. Da rabin na ƙera jirage, na fitar da rundunata daga ƙofar gida karon farko cikin shekara 138, na kai ta mashigar babban birninsu. Sannan na bi sauran ƙawayena ɗaya bayan ɗaya ina buɗe musu iyaka ina tura musu ma'adinai, don jiragensu su sami hanya da abin gyara.

An ci ni a karon farko. Kashi biyu cikin uku na jiragena sun ƙone ina kallo, kwamfutar tana zafi tana jan ƙafa saboda yawan abin da ke motsi a allon. A gida kuwa, ƙarancin kayan masarufi ya sa jama'a sun fara gunaguni, kwanciyar hankalin duniyoyi biyu ta yi ƙasa. Abokan nawa sun rasa taurari shida cikin tara. Ɗaya daga cikin rassana ya tafi da su.

Amma babban birninsu bai faɗi ba. Tashar da suka ƙarfafa da ƙarfen da na aika ta riƙe har rundunar masu addinin nan na kudu ta iso, waɗanda na shekara talatin ina lallashi. Da na ga tutarsu ta shigo tauraron, wallahi sai da na ji idona ya yi zafi. Na san na'ura ce ke lissafi, na san lambobi ne ke hawa da sauka a bayan allo. Amma lambobin nan ni na tara su da hannuna, dare bayan dare, kuma yau na ga abin da suka haifa. Ƙanina bai ce komai ba. Can ya tambaye ni ta ina ake tura jakada, na nuna masa.

An ɗauke wuta ƙarfe sha biyu da kwata, batirin ya ba ni damar adana wasan a 2341. Khan yana raye, rundunarsa ta ja baya tana gyara, baitulmalin Zango kuwa kusan babu komai a ciki. Gobe in an kawo wuta aikina na farko shi ne in dawo da kayan masarufi kafin wata duniya ta yi mini bore, sannan in duba ko akwai ƙudurin da zan iya turawa a majalisa da zai taimaki waɗanda aka ci ƙasarsu.

Kafin in baro kasuwa ɗazu Kawu ya ce ranar Litinin in biya ta rumfar Iya da safe. Ya ja mini kunne kada in ambaci kuɗi ko da wasa. In duba inda rufin ke yoyo, in auna, in dawo in gaya masa kwano nawa zai ci.