Yadda muka koma auna lissafin yara a ajina na Garwa

Ina koyar da ajin CM1, wato aji biyar, a wata makarantar firamare ta gwamnati a Garwa. Tun da ma'aikatar ilimin firamare ta Kamaru ta fito da sabuwar manhaja a 2018, yadda muke auna lissafin yara ya canza. A da hanya ɗaya ce: a yi jarrabawa, a ba yaro maki, a jera aji daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Yanzu ana auna shi da baka, a rubuce, a aikace, sannan a duba halinsa wajen aiki. A gefen maki kuma akwai haruffa: NA ga wanda bai kama ba, ECA ga wanda yake kan hanya, A ga wanda ya iya, A+ ga wanda ya ƙware.

Aikin da nauyi, ba zan ɓoye ba. Kusan kowane wata akwai gwaji, ga aji cike, yara uku ko huɗu a benci ɗaya. Tambayar kowa da baka ɗaya bayan ɗaya takan cinye yini, don haka nake raba su rukuni-rukuni a cikin mako.

Amma wannan gwajin na baka shi ya nuna mini abin da maki ɗaya ya daɗe yana rufewa. Akwai wata yarinya da ke taya mahaifiyarta sayar da ƙosai da safe. A rubuce kullum tana ƙasa. Ranar nan na ɗauki tambayar da ta faɗi a takarda, ta mai sayen littattafai uku da jaka biyu, na faɗa mata da Hausa. Ban rufe baki ba ta ba ni canjin daidai, har tana nuna mini a yatsu yadda ta cike daga kuɗin kaya zuwa kuɗin da aka miƙa. Lissafinta lafiya lau, Faransancin tambayar ne ya tare mata hanya. Irinta suna da yawa, domin yaranmu da Fulatanci ko Hausa suke tashi a gida. Tun daga nan ba mai taɓa biro sai ya maimaita mini tambaya da bakinsa: me aka ba ka, me ake nema? Wannan zai yi musu amfani gaba, tunda a jarrabawar lissafi ta BEPC, wato ta kammala ƙaramar sakandare, akwai ɓangare guda da ake ba ɗalibi dogon labari ya tsamo lissafin da kansa.

Gwajin aikace kuma ya fito da wani kalar yaro. Wannan ya haddace jadawalin sau tsaf, yana juya mita zuwa santimita a takarda ba gargada. Na miƙa masa igiya mai tsawon mita ɗaya na ce ya auna ƙofar aji, sai ya tsaya yana juya ta a hannu, bai san ta ina zai fara ba. A tsohon tsari da yana cikin na gaba-gaba, ba wanda zai lura.

Makin hali ne ban gamsu da shi ba. A aji mai yawa irin namu, yaro mai shiru da tsabtar littafi yakan kwashe shi, mai yawan tambaya kuma ya rasa, alhali sau da yawa shi ne yake tunani. Na taƙaita nawa ga abin da ido ke gani: ya gama aikinsa, ya sake duba amsarsa, ya taimaki na kusa da shi.

Sai iyaye. Wani uba ya zo da takardar ɗansa a naɗe cikin aljihu, ya ce, "Malam, waɗannan haruffan ba na gane su. Ka faɗa mini, na nawa ya zo?" Na ce, "Alhaji, tarawa da ɗebewa ya iya, rabawa ce ta rage. In an sayo goro ko dabino, a ba shi ya raba wa mutanen gida, ya faɗi nawa ya saura." Ya gyaɗa kai ya ce wannan kam zai iya. Ban ga laifinsa ba. Takardar da Faransanci take, kuma ba wanda ya zauna da shi ya yi masa bayani. Yanzu duk ƙarshen zango nakan tura wa masu waya gajeren saƙon murya ta WhatsApp, sauran mu yi magana a bakin ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne ECA da ke bin yaro daga aji zuwa aji ba a taɓa ta ba. CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida, mataki ɗaya ne, galibi yaro yakan wuce ko da akwai saura, ga jarrabawar CEP ta kammala firamare tana jiransa a ƙarshe. Shi ya sa na ware littafi guda, kowane yaro da shafinsa, ina rubuta inda ya tsaya a rabawa, awo da siffofi. Kafin a buɗe makaranta a watan Satumba nakan zauna da malamin CM2 mu bi shi suna bayan suna.