Ranar da mutanen Yamai suka ji sadakin ƙanwata

Wata Talata ce cikin watan zafi. Ina zaune a zauren gidanmu da ke Birni, kwamfuta a kan cinya, ina bin wani horo da ƙungiyar da nake yi wa aiki ta shirya ta Zoom. Mun kai mu ashirin, wasu a Yamai, wasu a Maraɗi da Tawa. Na yi bayanina na gama, na kai yatsa na kashe makirufo, ko dai in ce na ɗauka na kashe. Sai ga Inna ta ɗaga labule.

"Kai ɗan nan, ajiye abin nan ka saurare ni. Mutanen nan sun aiko."

Zancen auren ƙanwata ne. Ta faɗi abin da suka ce za su bayar na sadaki, ta faɗi abin da take ganin ya dace, sannan ta gangaro kan kawun yaron, ta ce mutumin nan ko gishiri aka roƙa a gidansa sai an sha bayani. Ina ta "to, Inna", "haka ne, Inna". Can sai muryar mai horon ta fito tar daga cikin kwamfuta: "Malam na Damagaram, Allah ya sanya alheri, amma mikro ɗinka a buɗe yake." Dariyar da ta biyo baya har yau ina jin ta. Inna ta dubi kwamfutar, ta dube ni, ta yi salati ta fita. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Washegari na hau kabu-kabu na nufi wajen Kasuwar Dole, inda ɗan yayata yake da rumfar gyaran waya da kwamfuta. Na ce masa ya cire mini makirufon nan gaba ɗaya, ko da sukundireba ne. Ya ci dariya ya ƙoshi, sannan ya ce, "Kawu, zauna tukuna. Maɓallin da kake dannawa a Zoom roƙon baƙo ne ya toshe kunnensa, amma yana nan cikin ɗaki. Ƙofar ɗakin tana wani wuri."

Ya danna maɓallin Windows tare da harafin I, wurin saiti ya buɗe. Tawa Windows 11 ce mai Faransanci, kamar yawancin namu a nan, sai ya shiga inda aka rubuta Confidentialité et sécurité, ya gangara zuwa Microphone. Shekara uku ina da kwamfutar nan, ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba. A sama akwai babban makunni, wanda in ka kashe shi manhajoji duka sun kurumce. A ƙarƙashinsa jerin manhajoji ne, kowace da nata ƙaramin makunni, kuma na tarar da kusan duka a kunne, har da waɗanda ban taɓa buɗewa ba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, na bar WhatsApp kaɗai.

Na duba jerin sama da ƙasa ban ga makunnin Zoom ba, ban ga na Chrome ba. A nan ne yaron ya nuna mini abin da ya fi ɗaure mini kai. Manhajojin da aka sauko da su daga kantin Microsoft su ne ke da makunni ɗai-ɗai. Waɗanda ka je shafin masu su ka ɗauko da kanka, Windows tana tara su a can ƙasa ƙarƙashin makunni guda: ko ka bar su duka, ko ka hana su duka. Wato waɗanda na fi aiki da su, kuma su ne suka fi jin maganata, a garke ɗaya suke. Wannan tsari bai yi mini ba, har gobe.

Akwai kuma wani ɗan wuri a ƙasan shafin da ke nuna wanda ya taɓa makirufo cikin kwana 7 da suka wuce, da ranar da sa'ar. Na ga Chrome ya saurara ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da na tabbata ina barci. Gabana ya faɗi. A fadarmu, wurin shan shayi, kullum sai wani ya rantse cewa ana sauraren mu, wai ka yi zancen babur da rana, da dare Facebook ya nuna maka tallan babur. Na ce shi ke nan, yau na kama ɓarawo. Ashe ɗana ne, ɗan shekara goma, yake ɗaukar kwamfutar in na kwanta, yana neman kokawar takobi a YouTube da baki saboda rubutun yana ba shi wuya. Mun buɗe saitin Chrome, sai ga jerin shafukan da aka ce wa "na yarda", wasu ni na danna cikin gaggawa don saƙon ya kauce mini daga gaba. Muka share su. A duk binciken ranar ba mu ga baƙo ko ɗaya ba, 'yan gida ne kawai da hannuna.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na tuna hoton nan na Mark Zuckerberg na 2016, wanda aka hango ya liƙe kyamara da makirufon kwamfutarsa, na ce in mai Facebook da kansa ya yi, ni wane ne? Na liƙa salatif a kan ɗan ramin, na naɗi muryata don gwaji. Ta fito, ta ɗan dushe kamar mai magana cikin rawani, amma kowace kalma ana ji. Ga kyamara salatif magani ne, ga sauti kuwa ɓata lokaci.

Sai na matsa wa yaron ya nuna mini hanyar da ta fi tsanani. Ya danna Windows da X, ya buɗe Gestionnaire de périphériques, inda ake ganin kowane sashe na jikin kwamfuta, ya nemo makirufon a cikin kayan sauti ya dakatar da shi. "Kawu, ka riƙe wannan a ranka, ranar da ka buƙace shi nan za ka dawo." Na ce ai ba mantuwa.

Mako uku bayan haka yayanmu ya kira daga Agadas don a tsayar da ranar ɗaurin aure. Wayata ba caji, wuta ta ɗauke tun safe, sai na ɗauka ta kwamfuta. Yana ganina, bakina na motsi kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa, ba ya jin komai. Na duba makunnan nan duka, suna daidai. Na yanke cewa zafi ne ya ƙona makirufon, na je na ba da jaka uku na sayo abin kunne mai shiga ta USB. Ina sa shi, murya ta tafi. Murnata ba ta daɗe ba, don a take na tuna abin da na yi da hannuna, na kuma gane wani abu: dakatarwar nan ta shafi makirufon jikin kwamfutar ne kawai. Duk wani da ka jona daga waje, sabon kunne ne a buɗe. Babban makunnin saiti shi ne ke rufe su baki ɗaya.

Yanzu na mayar da makirufon bakin aikinsa. Na saita Zoom yadda duk taron da na shiga, a kashe nake shiga. In zan yi magana sai in danne dogon maɓallin tazara, in na saki ya koma shiru, kuma Alt da A na kusa in bayanin mai tsawo ne. Idona ya saba da kallon gefen agogo, inda 'yar alamar makirufo ke fitowa duk lokacin da wata manhaja ke saurare. Waya ma haka: daga Android 12 zuwa sama ɗigo kore ke bayyana a sama, a iPhone kuwa ruwan lemo. Abokaina masu kwamfutocin gwanjo da ke kan Windows 10 su ma suna da makunnan nan a ƙarƙashin Confidentialité, sai dai Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan ƙofa ce ta daban da makunni ba ya rufewa.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Wani abokin aiki daga Yamai ya aiko da gudummawa, ya haɗa da tambayar ko kawun yaron ya ƙara wani abu. Inna kuwa ta daina faɗowa zaure kai tsaye. Takan tsaya a bakin labule, ta nuna kwamfutar da haɓa, ta ce, "Kunnen abin a toshe yake?" Sai na duba gefen agogo kafin in ce mata ta shigo.