Wata ukun da suka ɓace min

Ni fa ban tuna komai ba, abinda zan faɗa daga bakin Yaya ne da bidiyoyin da ta ɗauka a wayarta, su ma sai da na shekara kafin na iya kallonsu.

Da ciwon kai da ɗan zazzaɓi ya fara, mai kemis yace maleriya da taifot ne kamar kullum, aka sha allurai. Bayan sati biyu bacci ya ƙaurace min, ina ta surutai ni kaɗai, wai har Umma na nuna da yatsa nace ba ita bace an canza min ita. Ai shikenan, dangi suka ce iska ce, aka shiga ruƙiyya da hayaƙi, Goggo kuma ta dage sammu ne tunda an kusa sa ranata. Wallahi ban ga laifinsu ba, ko ni naga wata a wannan halin haka zan ce.

Daga nan sai ɓangaren masu taɓin hankali, maganin da suka bani ya sandarar min da jiki, sai ga farfaɗiya, bakina yana ta motsi kamar mai tauna cingam. Aka yi min hoton ƙwaƙwalwa na MRI wai lafiya lau. Yaya tace babu kalmar da ta tsana irin wannan lafiya lau ɗin, mutum ko sunansa bai sani ba.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ne, Allah ya saka masa, yace a ɗebi ruwan ƙashin bayana a tura ƙasar waje, sakamako ya dawo da suna mai karya harshe, anti-NMDA receptor encephalitis. Wato garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙar ƙwaƙwalwata. Ashe sai 2007 Dakta Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana cutar a Amurka, kuma tafi kama mata matasa, wani lokacin wani ƙari ne a ƙwan mace yake tada ita shiyasa aka min sikanin mara, ni dai ba a samu ba. Aka ɗora ni kan steroid, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, da wani ƙarin ruwa mai suna IVIG wanda sai da Baba ya sai da fili.

Sauƙin a hankali yazo, har yanzu da jota nake yawo saboda mantuwa. Umma kuwa in na shiga gaishe ta da safe sai tace, to yau ni ce ko an canza ni?