Wainar Agege bayan an hana farar robar tekawe

Ranar 21 ga Janairun 2024 ina bakin tanda a shagonmu na Agege yarona ya shigo da waya a hannu, wai kwamishinan muhalli na Legas, Tokunbo Wahab, ya haramta farar robar tekawe ɗin nan mai kama da soso, wadda ake zuba wa masu saye abinci a ciki. Maƙwabtana masu shinkafa da wake hankalinsu ya tashi, don wasu sun jibge ta a ɗaki. Daga baya aka ba da mako uku kowa ya rabu da abin da ke hannunsa. Dalilin gwamnati ba ɓoyayye ba ne: abar ba ta ruɓewa, ita ke toshe kwalbatoci, kuma duk wanda ya taɓa ganin kwatar unguwarmu da damina ba sai an yi masa bayani ba. Jihar Abiya ma ta bi sahu a watan.

Ni kam ban yi kukan rabuwa da ita ba. Waina ba ta son gumi. Ki kwashe ta daga tanda, bakinta ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, ki rufe a wannan roba, kafin ɗan acaɓa ya kai Ikeja tururi ya jiƙa ta, ta yi laƙwas. Miyar taushe mai zafi kuwa har cin jikin robar take yi.

A Bauci na koyi aikin nan, wajen kakata. Shinkafar tuwo take jiƙawa ta kwana, a dafa kaɗan a haɗa, a kai niƙa, a zuba yis a bar ƙullu ya tashi. Ba ta taɓa duba agogo ba, hanci kawai take kaiwa bakin roba ta ce ya yi ko bai yi ba. Ranar da na fara juya waina da cokali na fasa guda shida a jere, ta ce, “Ke, ba faɗa kike da ita ba, jira ta sake tandar da kanta.” Har yau da tandar ƙasa nake suya, da man gyaɗa, kuma ba na cika sukari don ɓoye tsamin ƙullun jiya kamar yadda wasu ke yi.

Yanzu a kwalin takarda muke sa waina, mu shimfiɗa faffaɗan ganyen nan da Yarbawa ke naɗe alala da shi, miya kuma a roba mai murfi wadda ake wankewa a sake amfani da ita. Samun kwali mai kyau ne tashin hankalin. Wani dillali ya kawo mini samfuri mai kauri, da na biya sai ya turo sirara, mai na ratsa su kamar jarida. Ga masu ciniki: “Hajiya, kuɗin mazubi kuma? Ai masu waina na can baya ba sa karɓa.” To can bayan, a ƙarƙashin tebur suke ɓoye farar robar, wainar ma rabinta garin masara ce.

Tun 1 ga Yulin 2025 dokar ta haɗa da cokulan roba, tsinken shan lemo da siraran ledoji, don haka mai zuwa da kularsa daga gida ina ƙara masa waina biyu. Muna ɗora tanda bayan sallar asuba. Masu biki da suna a sanar da mu kwana biyu kafin ranar, saboda ƙullu.