Lauyoyin da suke zuwa mana Aboabo ran Asabar

Tun bayan sallar layya nake son in rubuta wannan abin amma hidima ba ta bari ba, yau da ruwan sama ya tsare mu a gida na ce to bari in zauna. Maganar wasu lauyoyi ce masu ƙaramin ofis a wajen Adum cikin garin Kumasi a nan Gana, aikinsu shari'ar iyali, wato aure da saki da gado da riƙon yara da kuɗin ciyarwa, kuma kusan shekara biyu ke nan duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai sun zo mana nan unguwarmu Aboabo sun zauna da jama'a, ko pesuwa ɗaya ba sa karɓa. Ba zan sa sunan ofis ɗin ba don mai shi ta roƙe ni kar in sa, ta ce aikin lauya ba ya son talla. Mu dai Anti Lauya muke ce mata. Ba'ashantiya ce, Kirista, tana zuwa da wani saurayin lauya ɗan zango da yake aiki a ƙarƙashinta.

Ni ta dalilin Yayata na san su, kuma ba a cikin daɗi ba.

Mijin Yaya ya rasu, Allah Ya jiƙan shi, ya bar ta da yara huɗu, biyu maza biyu mata, da tsohuwarshi, da shago a Alabar, da gida ɗaya a Sawaba da suka gina ɗaki bayan ɗaki. Na ce suka gina don ni shaida ce, shekara da shekaru Yaya tana tashi tun kafin asuba ta ɗora tukunyar wakye, kuɗin adashinta ne ya sayi bulo da yawa a gidan nan, kwanon rufin ɗakuna biyun baya ma ita ta biya. An yi adu'ar bakwai ke nan baƙi ba su gama watsewa ba sai ƙanen mamacin ya shigo ya sa kwaɗo a ɗakin maigidan, ya kwashe takardun fili da na shago, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce "matar Yaya, bayan arba'in sai ki shirya ki koma gidanku, yaran mu za mu riƙe." Tana zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannu, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ni kuwa ranar ban yi barci ba.

Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ita ta ce min in je wajen lauyoyin nan. Yaya ba ta fita ba saboda takaba, ni na je da Kawunmu. A harabar wata makarantar Islamiyya suke zama, kanofi ɗaya, kujerun roba, bencinan yara, sannan akwai aji ɗaya da aka sa wa labule don wanda maganarshi ba ta gaban mutane ba ce. Da na gama zuba bayani, har da hawaye, Anti Lauya ta ce ba komai za ta bi mu gidan da kanta idan an tashi. Kuma ta bi mu ita da saurayin, a pragya muka tafi, wato keken haya mai ƙafa uku, ta cire takalmi a ƙofa ta zauna a tabarma kusa da Yaya ta yi mata gaisuwa da 'yar Hausarta.

Tambayarta ta farko ita ce ina takardar aure. Yaya ta dube ni ta dube ta, ta ce wace takarda, aure shekara goma sha tara, duk Aboabo an ci shinkafar bikin. A nan na fara jin abin da ban taɓa ji ba duk da karatuna. Ashe tun 1907, zamanin Turawa, akwai dokar rajistar auren Musulmi a ƙasar nan, kuma har yau tana aiki. Dokar ta ce cikin mako ɗaya da ɗaurin aure a je a yi rajista, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da gwamnati ta ba lasisi duk su sa hannu. In mako ya wuce sai an bi ta Babbar Kotu an nemi izini. Ku faɗa min don Allah, mu da muke kwana bakwai muna biki, ranar lalle daban ranar kai amarya daban, wa yake tuna wani ofis a cikin makon nan? Kuma limamai nawa ne a unguwanninmu suke da lasisin? Amma ta kwantar wa Yaya da hankali, ta ce rashin takardar bai mai da ita ba matar aure ba, in akwai shaidu kotu takan ɗauki auren a matsayin na gargajiya, sai dai wahala ce take ƙaruwa da ɓata lokaci.

Sai ta zo kan gidan. Ta ce akwai dokar gado ta 1985 da aka yi lokacin mulkin shugaba Rawlings, PNDC Law 111, ita ce take aiki a kan duk wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, ko Musulmi ne ko Kirista ko mai bin gargajiya. In gida ɗaya mamaci ya bari, na mata da 'ya'ya ne, haka kayan ɗaki. Sauran dukiya kuma a kasa ta goma sha shida, mata uku, 'ya'ya tara, iyayen mamaci biyu, dangi biyu bisa al'adarsu. A 1991 aka ƙara wa dokar cewa korar matar mamaci ko 'ya'yanshi daga gidan aure kafin a raba gado laifi ne da za a iya kama mutum a kai.

Ni har na fara murna, na ce to gobe sai ofishin 'yan sanda. Yaya ta ce a'a. Ta ce ita ba ta son ko allura fiye da abin da Allah Ya yanka mata, tumuninta kawai, kuma ba za ta kai baffan 'ya'yanta caji ofis ba. Na zaci Anti Lauya za ta yi ta lallashinta ko ta ce mata ba ta san 'yancinta ba, irin yadda wasu masu ƙungiyoyi suke mana magana kamar yau aka haife mu. Ko kaɗan. Ta ce "Hajiya, addininki ne kuma gidanki ne, in dangi sun yarda malam ya raba ba wanda zai hana ku, amma kafin a raba sai an fitar da abin da kika sa a ginin nan don wannan naki ne ba gado ba ne, kuma ba mai fitar da ke." Shi kuma saurayin, da yake ya yi makaranta tun yana yaro, ya ƙara da cewa ai ko a shari'ar Musulunci a gidan miji ake takaba wata huɗu da kwana goma, kuma tunda akwai ɗa namiji ƙanen mamaci ba shi da kaso ko kaɗan, tsohuwa ce take da sudusi. Kawu ya ce wallahi haka ne, ya san haka, kunya ce ta hana shi faɗa a gaban surukai.

Wasiƙa ɗaya suka rubuta wa ƙanen, a takardar ofis mai tambari, ba zagi ba barazana, sun dai tuna mishi abin da doka ta ce sannan suka gayyace shi zama a gaban limamin unguwa. Aka zauna sau biyu, zaman farko da hayaniya aka tashi. Na biyu ya kawo mabuɗi da takardu a cikin leda ya ajiye a gaban Liman bai ce uffan ba. Malam ya raba gado bayan an cire bashi da kuɗin Yaya, su kuma lauyoyin suka bi mata takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, wadda sai da ita banki yake sakin kuɗi. Kuɗin kotu kawai muka biya, na aikinsu ba su karɓa ba.

Tun daga nan na zama tafintarsu, don Anti Lauya Turanci da Tuwi take ji sosai, tsofaffinmu kuma sun fi sakewa da Hausa, wasu ma sai an haɗa da Mosanci ko Dagwambanci. Abin da idona yake gani a ajin nan mai labule ba zai faɗu duka ba. Mace za ta shigo ta ce gaisuwa kawai ta zo yi, sai ta yi minti goma tana juya bakin mayafi kafin ta ce uban yaran ya yi wata takwas bai aiko ko sidi biyar ba, ya yi sabon aure a Tamale. Da yawa ba su san cewa dokar yara ta 1998 ta ɗora wa uba ciyarwa da makaranta da magani ba, ko ana tare ko an rabu, ko ma ba a taɓa aure ba, kuma akwai kotun iyali da ake zama da jami'in walwalar jama'a, ba sai kana da lauya ba. Wadda ta zo da kumburi a fuska ba a tsayawa dogon zance, DOVVSU ake tura ta, wato sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, wani lokaci saurayin ya raka ta da ƙafarshi. Shari'ar da ta fi ƙarfinsu ko ba fanninsu ba ce su rubuta wa mutum 'yar takarda zuwa Legal Aid, ofishin gwamnati mai taimakon marasa hali da lauya, ko FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi. Kuma ba kowace magana suke kaiwa kotu ba, na ga auren da suka ce a koma wajen iyaye da liman tukuna, kuma ya gyaru.

Maza sun daɗe ba su zo ba. Da farko ana ta faɗa a majalisa cewa an kawo masu kashe aure, wani ma ya ce kwastoma suke nema da wayo. To ko da wani ya bi su Adum daga baya ya biya kuɗi ni ban ga aibu ba, su ma haya suke biya. Abin da ya jawo mazan maganar wasiyya ce. Ranar da saurayin ya bayyana cewa Musulmin da ya mutu ba wasiyya, in rigima ta kai kotu da PNDC Law 111 za a yi hukunci ba da rabon Alƙur'ani ba, sai dai in ya rubuta cewa a raba dukiyarshi bisa shari'a ya sa hannu a gaban shaidu biyu, wurin ya yi tsit. Wani dattijo ɗan kasuwar goro ya ce shi yana jin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne, Liman ya juyo ya tuna mishi hadisin da ya ce bai kamata Musulmi mai abin wasici ya kwana biyu ba tare da wasiyyarshi a rubuce ba. Watan da ya biyo dattijon ne na farko a layi, da takardun gidajenshi a cikin jakar Makka. Da yake ba ya karanta boko sai da aka karanta mishi aka fassara layi bayan layi, aka rubuta a ƙasa cewa an yi hakan, sannan ya dangwala yatsa.

Suna kuma yin irin taimakon da aka saba. Da azumi sukan kawo shinkafa da mai da sukari, a ba Magajiya, shugabar matan unguwa, ta raba wa zawarawa da masu riƙon marayu cikin dare, gida gida. Sun sabunta wa yara da dama katin inshorar lafiya na NHIS, sun biya wa waɗanda suka wuce shekara ɗaya ba a yi musu takardar haihuwa ba, tunda kyautar ta jarirai ce kawai 'yan ƙasa da shekara. Abin da ya fi burge ni ko sau ɗaya ban ga sun ɗaga waya sun ɗauki hoton mai karɓa ba. Mun gaji da masu zuwa da buhu biyar da kyamara uku su jera mana iyaye a rana. Amma in gaskiya zan faɗa, shinkafar kwana goma ta ƙare, abin da Yaya take ambata a addu'a har yau zaman da aka yi da ita a tabarma ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne sau ɗaya a wata ya yi kaɗan ƙwarai. Mutum biyu ne, wani lokaci magariba take tashinmu da mata goma sha a benci ba a kai kansu ba, wasu tun daga Asawase da Akwatia Line da Sabon Zango suka taho. Na faɗa wa Anti Lauya, ta ce ta sani, tana neman abokan aikinta su riƙa karɓar wasu Asabar ɗin. Kuma muna da 'ya'yan zango da suka zama lauyoyi a Kumasi da Ankara babban birninmu, ina roƙonsu don Allah ko wuni ɗaya a wata uku su waiwayo.

Watan jiya aka ɗaura auren autanmu. Tun kafin a sa rana Yaya ta tsaya kai da fata sai an nemo limami mai lasisi, aka sha yawo kafin a samu. An ɗaura ran Lahadi, ran Talata da safe ta tasa ango da baban amarya da shaidu biyu a gaba, har da wanda yake cewa shagonshi a rufe yake, ta biya musu kuɗin motar haya ta trotro zuwa asambuli, wato ofishin ƙaramar hukuma inda ake rajistar. Da suka dawo ta karɓi takardar ta kai aka manne mata roba, ta kira amarya ɗaki ta damƙa mata a hannu, ta ce ta sa a ƙasan akwatin lefe kar ta ba kowa ajiya.