Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Sa Hannun Baba

Makon jiya na tsaya a daren da Baba ya ajiye mini jakata a bakin ƙofa, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallar 2022, ya ce daga ranar ba shi da ɗa mai sunana. Masu bibiyar labarin nan sun san dalili. Na gaya masa ni mace ce, kuma haka nake jin kaina tun muna Kano, kafin cacar biza ta kawo mu Bronx, a birnin New York na Amurka, ina da shekara goma. Shi kuwa kalma ɗaya ya samu ya jefe ni da ita: ɗan daudu.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni kujerar falonta nake kwana. A kanti muke aiki tare, dala 15 a awa, ina jera gwangwanaye a kanta har bayana ya riƙe. Daga ciki nake cire dala 127 ta katin jirgin ƙasa na wata, in ba ta ɗan abin da ya samu na wuta, saura in ci abinci. Makaranta ba ta dame ni ba a lokacin, domin kuɗin wannan shekarar ya riga ya fito.

Mutane a gida suna zaton duk wanda ke karatu a Amurka ubansa ne ke biya. Baba tasi yake ja, bai taɓa biyan kuɗin jami'ata ba. A lokacin, kuɗin karatu a jami'ar gwamnati da nake zuwa dala 6,930 ne a shekara ga mazaunin jihar, kuma tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell ne ke ɗauke kusan duka. Kyauta ce, ba a biya. Sai dai kowace shekara dole a cike wani fom mai suna FAFSA, a rubuta abin da iyaye suka samu, ɗaya daga cikinsu ya sa hannu. A idon dokar, in ba ka kai shekara 24 ba, ba ka yi aure ba, ba ka da ɗan da kake ciyarwa, ba ka yi aikin soja ba, to galibi kana ƙarƙashin iyayenka, ko da shekara guda rabonka da cin tuwon gidansu. Ni kuwa shekarata 19.

Ranar 1 ga Oktoba aka buɗe sabon fom. Na zauna a ɗakin karatu na fara cikewa. Layin farko ma sai da na tsaya, don dole sunan ya zo daidai da na katin shaidata na gwamnati, wato sunan da Baba ya raɗa mini ranar suna. Na rubuta shi. Da na iso shafin iyaye sai na rufe kwamfutar.

Na kira Baba sau uku bai ɗauka ba. Na tura saƙo ta hannun Yayana, na ce ko sisi ba na nema, hannu kawai zai sa. Bayan kwana biyu Yaya ya dawo da amsa: “Ya ce wanda ya haifa ya mutu, ba a sa wa matacce hannu.” Umma na san da za ta iya da ta yi, amma takardun haraji suna cikin akwatin Baba, kuma ban so in jawo mata abin da zai taɓa aurenta.

A ofishin tallafin ɗalibai na tarar da wata dattijuwa mai gilashi a rataye a wuya. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ƙin sa hannun iyaye shi kaɗai bai isa a ɗauke ni a matsayin mai cin gashin kanta ba. In a nan maganar ta tsaya, Pell ya tafi, abin da zan samu bashi ne, dala 7,500 a shekarata ta uku, ruwa na hawa kansa tun ranar da aka ba ni. Na tashi a gidan da ko katin bashi Baba ba ya riƙewa saboda riba, sai ga shi ana nuna mini ita a matsayin ƙofar da ta rage.

Sai ta tambaye ni ina nake kwana. Na ce gidan ƙawata. Ta ce ɗakina ne? Na ce kujera. Ta cire gilashin, ta ce to me ya sa a fom na amsa cewa ina da matsuguni? Ban iya gaya mata cewa kunya ce ba. A raina marar matsuguni shi ne wanda nake gani kwance kan kwali a tashar jirgi, ni kuwa 'yar gidan mutunci ce. Ta ce a doka mai kwana a kujerar wani don ba shi da inda za shi yana iya shiga wannan sahun. Kuma ofishinsu na da ikon cire ɗalibi daga ƙarƙashin iyaye in an tabbatar sun kore shi ko sun watsar da shi. Abin da take buƙata shi ne in rubuta abin da ya faru da hannuna, in kawo wasiƙu biyu daga waɗanda suka san maganar, malami, ko mai ba da shawara, ko limami.

Limami. Wanda Baba ke tsayawa bayansa kullum asuba.

Wannan takardar ta fi korar ciwo, wallahi. Mu an raine mu a kan rufin asiri, abin da ya faru a ɗaki a ɗaki yake mutuwa. Yanzu ga ni zan rubuta wa baƙi, da Turanci, cewa ubana ya jefar da ni, a buga hatimi a ajiye a fayil. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙin dare, ya dawo idonsa jawur ya kai ni makarantar allo ranar Asabar. Na rubuta na yaga ya fi sau biyar. Kowane kwafi sai in ga ina kare shi, ina cewa mutumin kirki ne, ransa ne ya ɓaci. Daga ƙarshe na rubuta kwanan wata, da abin da ya faɗa, da inda ya ajiye jakar. Rabin shafi. Har yau ina ganin bai kamata a ce sai yaro ya tona asirin gidansu kafin ya ci gaba da karatu ba, ko da yake na san ba su da wata hanyar gane mai gaskiya.

Wasiƙar farko malamata ta sakandare ce ta rubuta, cikin kwana ɗaya. Ta biyu ce ta tsaya mini a wuya har Disamba. Dattijuwar ta ce za ta karɓa daga dangi in babu yadda za a yi, sai na kira Gwaggo, ƙanwar Baba, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Tana falon a daren da abin ya faru.

Muka haɗu a wani shagon shayi a unguwar Fordham, ta fito daga aikin kwana, rigar aikin na leƙowa ta ƙasan hijabinta. Ta daɗe tana kallon ɗankwalin da ke kaina ba ta ce komai ba.

“Gwaggo, ina kwana.”

“Lafiya lau. Ni fa ban zo don na yarda da wannan abu ba. Ban yarda ba, kuma Allah ya sani. Amma karatu ba za a yanke shi ina raye ba.”

Ita ke faɗa da Hausa, ni ina juyawa Turanci a waya, in karanta mata ta gyara. Da na rubuta “ya kore ni” sai ta ce a ƙara cewa cikin fushi ne. Na ƙara. Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, ta ce kada Yayanta ya ji, in ya ji ita ma ta rasa gida.

A Fabrairu amsa ta fito. An ɗauke ni mai cin gashin kaina, aka lissafa da ɗan albashina kaɗai, Pell ya fito cikakke, dala 7,395. Yadda na samu ɗaki kuma, da abin da ya faru da Baba ya gano wasiƙar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Abu ɗaya na manta ban faɗa ba game da ranar shagon shayin. Tun da muka zauna na lura Gwaggo ba ta ce mini “ka” ba, ba ta kuma ce “ki” ba, sai kewaye-kewaye take yi. Da za ta tafi ta ciro wata roba daga jakarta, dambun shinkafa ne da zogale, da sauran ɗuminsa. Ta tura mini ta kan tebur tana kallon ƙofa.

“An rame,” ta ce. “A riƙa cin abinci.”